Ta'aziyya a gidan giya: tambayata ga malamai

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin wata magana da ta tsaya mini a rai tun dawowata daga ƙasar Ailan, inda ɗana ke aikin jinya a garin Cork.

Ina can matar maƙwabcinsa ta rasu. Dattijon nan shi ke karɓar wa ɗana saƙo idan yana wurin aiki, shi ya kai surukata asibiti da naƙuda ta taso cikin dare. Da aka dawo daga maƙabarta sai jama'a suka ɗunguma zuwa mashayar unguwa. Ɗana ya ce, "Baba, a nan ake yi musu gaisuwa." Na tsaya a bakin ƙofa ina wasiwasi, daga baya na shiga.

Ba irin gidajen bilbil, giyar gargajiya, da muka sani a Garwa ba ne. Ɗaki ne mai dogon kanta na katako da ya sha hannu har yana sheƙi, wuta na ci a murhu, bango cike da tsofaffin hotunan 'yan wasan unguwa. Ko ƙyallin hayaƙin taba babu, domin tun 2004 dokar ƙasar ta hana shan taba a irin waɗannan wurare. Mai gidan ya san kowa da sunansa. Ana ce masa ba na sha, ya kawo mini shayi a buta da madara da burodi, bai ƙara tambaya ba. Sauran kuwa yawancinsu Guinness suke sha, baƙa mai farin kumfa, wadda muke ganin tallanta a titunan Kamaru, alhali asalinta Dublin ne tun 1759. Can wani tsoho ya rera waƙar makoki ba kiɗa, mai rashin yana share hawaye.

Giya haramun ce, kuma na ga ɓarnarta a nan gida, ban je can na sake ra'ayi ba. Amma mashayar nan ita ce majalisarsu, a nan ake jin wa ya kwanta, wa ya rasa aiki. Su kansu suna kukan cewa irin waɗannan mashayai fiye da 2,000 sun rufe a ƙasar tun 2005, akasari a karkara, tsofaffi sun rasa wurin hira.

Ga inda gizo ke saƙar. Al'adarsu ita ce kowa ya saya wa abokan zamansa abin sha bi da bi, wanda ya zame kuwa ana masa kallon marowaci. Musulmi ba zai sayi giya ba. Kuma na san an hana zama a teburin da ake shanta, kamar yadda na san girman haƙƙin maƙwabci, ko da ba Musulmi ba ne. Yaranmu na Garwa da Marwa da Injamena da ke Turai kullum suna cikin wannan tsaka mai wuya, wasu su ƙaurace wa maƙwabta gaba ɗaya, wasu su saki jiki har a rasa su.

Don Allah, Malam Edita, ka miƙa wa malamai masu amsa tambayoyi a shafinku na addini: mene ne hukuncin shiga irin wannan wuri domin ta'aziyya kawai, kuma ina iyakar zaman? Ɗana na jiran amsa.

Wassalam,
Mai karatunku, ɗan kasuwar atamfa,
Garwa, Kamaru