Godiya ga likitocin ƙwaƙwalwa na Asibitin Malam Aminu Kano

Assalamu alaikum.

Ni magidanci ne a unguwar Gwale. Na rubuto ne in gode wa likitoci da ma'aikatan jinya masu duba lalurar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kan titin Zariya, bisa ɗawainiyar da suka yi da 'yata.

Ciwon nata bai yi kama da farfaɗiyar da kowa ya sani ba. Ba ta faɗuwa, ba ta kumfar baki. Tana cikin cin abinci sai ta tsaya cak, loma a hannu, ido a ƙafe, a kira ta ba ta amsawa. Bayan 'yan daƙiƙoƙi ta ci gaba kamar ba a yi komai ba. A makaranta aka ce sakarci ne, a gida wasu suka ce iska ce.

Abin da ya fi burge ni, likitar ba ta yi gaggawar rubuta magani ba. Sai da ta titsiye mu da tambayoyi: yaya aka haife ta, ta taɓa yin sanƙarau ko zazzaɓin da ya taɓa ƙwaƙwalwa, ta taɓa buguwa a ka? Ta kalli bidiyon da mahaifiyarta ta ɗauka a waya, sannan ta sa yarinyar ta yi ta hura takarda da ƙarfi. Nan take abin ya zo mata a gabanmu.

Daga nan aka tura mu gwajin EEG, wato gwajin da ke auna yadda ƙwaƙwalwa ke aiki. Aka ce a tsefe kitso, a wanke kai, kada a shafa mai. Mai gwajin ya lallashe ta har ta yarda aka manna mata wayoyi a fatar kai, ya kuma kwantar mana da hankali cewa na'urar saurare kawai take yi, ba ta sa wuta a jiki.

A wurinsu na ji cewa farfaɗiya iri-iri ce. Akwai mai kayar da mutum ya sandare ya yi ta jijjiga, akwai mai farawa daga sashe guda na ƙwaƙwalwa, hannu ɗaya ya riƙa fizga ko mutum ya yi ta taune-taune bai sani ba, akwai kuma irin ta 'yata. Ba a ɗaukarta ta yawu, kuma kuskure ne a cusa wa mai ita cokali a baki. A kwantar da shi ta gefe, in ta wuce minti 5 a garzaya asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 50 ke da ita, kuma har kashi 70 cikin 100 ciwon zai iya daina tasar musu in an gano shi an ba su maganin da ya dace.

Yanzu yarinya tana shan maganinta, ta koma karatu sosai. Likita, ranki ya daɗe, ke da abokan aikinki, Allah ya saka da alheri, ya jiƙan mahaifa.

Naku,
Wani mahaifi daga Gwale, Kano