A ware wa masanin kimiyya fili na sharhi a jarida

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani giɓi da na daɗe ina gani a aikin jarida. Akwai masu sharhi a kan siyasa, akwai na tattalin arziki, akwai na wasanni, amma da wuya a samu masanin kimiyya da aka ware wa shafi domin ya riƙa duba labaran da ake bugawa yana faɗa wa masu karatu abin da ya fahimta daga cikinsu. Alhali kuwa kusan kowane mako sai an buga labarin da ya fara da cewa wani sabon bincike ya gano kaza, a kan magani ko sauyin yanayi ko wata sabuwar na'ura, kuma labarin yakan wuce haka nan, mai karatu ya ɗauka ko ya watsar ba tare da an ba shi ma'aunin da zai auna shi ba.

Abin da masani mai aikin bincike yake da shi, wanda ɗan jarida mai gaggawar cika shafi ba lalle ya kasance da shi ba, shi ne sabo da wasu tambayoyi da suka zame masa jiki. Yana ganin labarin bincike zai tambayi yawan mutanen da aka yi gwajin a kansu, da ko an kwatanta su da wasu da ba a yi musu komai ba, da ko a jikin ɗan Adam aka gwada ko a jikin ɓeraye, da wanda ya biya kuɗin aikin, da ko wasu masana sun maimaita gwajin sun samu sakamako iri ɗaya. A shekarar 1998 mujallar likitanci ta Lancet ta buga rahoton wani likitan Ingila, Andrew Wakefield, wanda aka yi amfani da shi wajen danganta cutar galahanga (autism) da allurar rigakafin ƙyanda da hangum. Yara 12 kacal rahoton ya duba. Jaridu sun yi ta yayata shi shekara da shekaru, iyaye da yawa suka ƙi kai 'ya'yansu rigakafi, ƙyanda ta sake yaɗuwa, kuma sai a 2010 mujallar ta janye rahoton, aka kuma soke sunan likitan daga rajistar likitocin ƙasar. Da masu karatu sun saba jin masani yana tambayar yawan waɗanda aka gwada, da adadin nan na 12 ya sa da yawa sun dakata tun ranar farko.

Wani lokaci kuma binciken ingantacce ne, fassarar da aka yi masa ce ta karkace. A 2015 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya naman da aka sarrafa a masana'anta cikin rukuni na ɗaya na abubuwan da ke jawo ciwon daji, rukunin da taba sigari take ciki, nan take kanun labarai suka nuna kamar haɗarin abubuwan biyu ɗaya ne. Rukunin kuwa yana nuna ƙarfin hujjar da ake da ita ne a kan cewa abu yana jawo cutar, ba ya auna girman haɗarin. Cibiyar ta ce cin giram 50 a kullum yana ƙara haɗarin ciwon daji na hanji da kimanin kashi 18 cikin ɗari. Idan aka ɗauka cewa cikin mutum ɗari shida ne za su kamu da cutar a tsawon rayuwarsu, wannan ƙarin yana nufin za su zama kamar bakwai. Haɗari ne na gaske da ya kamata a sani, amma bai yi kusa da na sigari ba, kuma sakin layi ɗaya ya ishi masani ya warware wannan.

Misalin da ya fi nuna mini amfanin sharhin da ake yi a kai a kai shi ne abin da ya faru a watan Satumba na 2011. Wata tawagar masana da ke aiki a ɗakin gwaji na ƙarƙashin dutsen Gran Sasso a Italiya ta sanar cewa wasu ƙwayoyi da suka fi ƙwayar zarra ƙanƙanta, da ake kira nutirino, waɗanda aka harbo daga cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kusa da Geneva, nisan kimanin kilomita 730, sun iso da wuri fiye da yadda haske zai iso, da tazarar kashi 60 cikin biliyan na daƙiƙa ɗaya. Jaridun duniya suka ɗauka cewa an rusa ka'idar Einstein, wadda ta ce babu abin da ya fi haske gudu. Masanan da suka yi sharhi a ranakun nan sun tuna wa jama'a wani abu da babu shi a kanun labarai. A 1987 aka ga tarwatsewar wani tauraro a nisan da haske ke shafe kimanin shekara 168,000 kafin ya ƙetare, kuma na'urori a Japan da Amurka da Tarayyar Sobiyet sun kama nutirinonsa sa'o'i kaɗan kafin a ga haskensa. Da ƙwayoyin suna gudun da aka auna a Italiya, da sun riga hasken isowa da kimanin shekara huɗu. Wannan hujja ce da mai karatu zai iya bi da hankalinsa, ko da bai taɓa shiga ajin kimiyyar lissafi ba. A farkon 2012 tawagar ta gano cewa wata wayar da ke kai saƙon lokaci ba ta ɗauru da kyau ba, kuma da aka gyara aka sake awo, tazarar ta ɓace. Ya kamata a yaba wa masanan, domin su da kansu suka fito da sakamakon suka roƙi a bincika musu kuskure. Abin da ya dame ni shi ne labarin farko ya samu shafin gaba, na biyun kuwa a jaridu da yawa bai samu ko lungu ba. Masani mai shafi na kansa shi ne zai koma kan tsohon labari bayan wata biyar ya faɗi yadda ta kaya, kuma a ganina wannan komawar ta fi kowane darasi koya wa jama'a yadda ilimi yake gyara kansa.

Na san akwai masu cewa masanin kimiyya ya tsaya a ɗakin gwajinsa, ya bar siyasa ga 'yan siyasa. Ban yarda da wannan ba, kuma tarihi ne hujjata. Clair Patterson, masanin sinadaran ƙasa a Amurka, yana ƙoƙarin auna shekarun duniya ne, wanda ya ƙiyasta a biliyan 4.55 a 1956, sai ya lura cewa dalma ta gurɓata duk abin da ya taɓa. Ya bi sawunta cikin ruwan teku da ƙanƙarar Girinlan, ya nuna cewa yawanta ya hauhawa tun da aka fara zuba ta a man fetur a shekarun 1920. Ya bayyana a gaban kwamitin majalisar dattawan Amurka a 1966, ya rasa tallafin bincike daga masana'antar mai, amma bai yi shiru ba. Sai a 2021 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanar cewa an daina sayar da fetur mai dalma ga motoci a faɗin duniya, bayan da Aljeriya ta ƙarar da nata. Gubar dalma tana lalata ƙwaƙwalwar yara, kuma babu yadda za a yi a raba maganarta da maganar doka da kasuwa da masu mulki. Masanin da ya san irin wannan ya kame bakinsa don kada a ce ya shiga siyasa ya ci amanar iliminsa.

Amma akwai iyaka, kuma a kanta nake so in fi tsayawa, domin a nan ne irin wannan shafi yake gyaruwa ko ya lalace. Kimiyya tana iya faɗin abin da zai faru idan aka ɗauki wani mataki, ba ta iya faɗin abin da al'umma ya kamata ta fifita. A lokacin annobar korona masana sun iya ƙiyasta yadda rufe makarantu da wuraren aiki zai rage yaɗuwar cutar, amma auna wannan da karatun yara da abincin iyali hukunci ne da kowane ɗan ƙasa yake da ta cewa a cikinsa, kuma ƙuri'ar masani a nan ɗaya ce kamar ta kowa. Wajibi ne mai sharhi ya nuna wa mai karatu, a cikin rubutun kansa, inda hujja ta ƙare da inda ra'ayinsa ya fara. Idan ya cakuɗa su, ranar da mutane suka ƙi ra'ayinsa za su haɗa da hujjar su watsar, kuma asarar ta fi ƙarfinsa shi kaɗai.

Rayuwar Linus Pauling, masanin sinadarai ɗan Amurka, ta ƙunshi ɓangarorin biyu. Ya samu lambar yabo ta Nobel a fannin sinadarai a 1954. A 1958 ya miƙa wa Majalisar Ɗinkin Duniya takardar koke mai sa hannun dubban masana da ke neman a daina gwajin makaman nukiliya, yana bayyana wa jama'a illar burbushin da ke sauka daga sama, kuma a 1963 aka ƙulla yarjejeniyar hana gwajin a sararin sama da cikin ruwa. Wannan aiki ya sa aka ba shi Nobel ta zaman lafiya. Shi ɗin ne dai daga 1970 ya shiga yaɗa cewa shan bitamin C mai yawa yana maganin mura, daga baya ya ce har da ciwon daji. Gwaje-gwajen da aka yi a asibitin Mayo, waɗanda aka buga a 1979 da 1985, ba su ga wani amfani ga masu ciwon daji ba, amma mutane da yawa sun ci gaba da yarda saboda girman sunansa. Ina girmama Pauling ƙwarai, kuma wannan girmamawar ce ta sa labarinsa yake ba ni tsoro, domin idan mai Nobel biyu zai iya ɓatar da jama'a da zarar ya fita daga fagensa, babu masanin da ya wuce a tambaye shi hujja. Mai sharhi na kirki zai faɗa a fili cewa wannan batu ba fanninsa ba ne, ga abin da masu fannin suka tabbatar, ga kuma abin da suke saɓani a kai.

A ɓangaren fasaha buƙatar ba ta ɓuya ba. A 2020 an ƙona turakun sadarwa a Birtaniya saboda jita-jitar cewa fasahar 5G ce ke yaɗa korona, alhali igiyar rediyo ba ta ɗaukar ƙwayar cuta, kuma annobar ta shiga ƙasashen da ba su da fasahar ma. Tun da aka fito da ChatGPT, manhajar ƙirƙirarriyar basira mai amsa tambayoyi, a ƙarshen 2022 kuma, ana ta kai-kawo tsakanin masu cewa ƙirƙirarriyar basira ta san komai da masu cewa za ta hallaka duniya. Abin da mai amfani da ita yake buƙatar ji shi ne cewa manhajar tana harhaɗa kalmomi ne bisa abin da ya fi dacewa ya biyo baya, don haka tana iya kawo ƙarya cikin lafazi mai daɗi da cikakken tabbaci, kuma bai kamata a dogara da ita a kan magani ko shari'a ba sai an tantance.

Harkokin yau da kullum ma suna da nasu rabon, wataƙila ma su ne za su fi jawo masu karatu. Mutane da yawa suna shan maganin kashe ƙwayoyin bakteriya idan mura ta kama su, ba su san cewa ƙwayar bairos ce ke kawo mura ba, kuma maganin ba ya taɓa ta. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin, ya yi gargaɗi tun a jawabinsa na karɓar Nobel a 1945 cewa shan maganin ƙasa da ƙima zai koya wa ƙwayoyin cuta jure masa, kuma yau asibitocin duniya suna fama da abin da ya hango. Irin wannan bayani sai an yi ta maimaita shi cikin harshe mai sauƙi kafin ya zauna a zukata.

Saboda haka, Malam Edita, roƙona shi ne ka nemi masana da ke cikin aikin bincike ko koyarwa, maza da mata, daga fannoni daban-daban domin kada nauyin ya faɗa kan mutum ɗaya har ya fara magana a kan abin da bai sani ba, ka ware musu fili na dindindin ko da sau ɗaya ne a mako. Kowannensu ya bayyana wa masu karatu fanninsa da inda yake samun kuɗin bincikensa, musamman idan zai yi magana a kan magani ko kayan wani kamfani. A ba shi damar rubuta cewa ba a san amsar wata tambaya ba tukuna, kada a matsa masa ya yanke hukunci don labari ya yi armashi, a kuma buɗe wa masu karatu da sauran masana ƙofar yi masa raddi a shafin nan nasa. A biya shi haƙƙin aikinsa, domin karanta rahoton bincike na asali kafin a yi sharhi a kansa yana cin lokaci mai yawa. Abu na ƙarshe da nake roƙo, wanda na san zai fi yi wa ɗakin labarai nauyi, shi ne a riƙa nuna masa kanun da za a ɗora wa rubutunsa kafin a buga, domin da yawa daga cikin masu karatu a intanet kanun kaɗai suke gani, kuma rubutun da aka yi da taka-tsantsan ba zai amfane su ba idan an ɗora masa take mai cewa an gano maganin ciwon daji.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridar nan albarka.

Naka,
Mai karanta jaridarku a kullum