Rahoton Kwamitin Gyara Kan Rumfar Babura Da Aka Yi Da Tsofaffin Falwayoyi

An kammala rumfar ajiye babura da kekuna da ke harabar masallacin Juma'a. Tsawonta mita 12, faɗinta mita 4, a buɗe take ta kowane gefe. Ginshiƙanta na kankare ne, amma azarorin da suka ɗauki rufin tsofaffin falwayoyin katako ne da aka cire a layinmu lokacin da aka sauya su da na siminti.

Falwaya ko ta faɗi ƙasa tana da mai ita. Tun 2013 da aka sayar da sassan kamfanin wuta na PHCN, kayan layin wuta suna hannun kamfanonin rarraba lantarki, wanda kuma aka kama da su ba takarda zai sha tambaya. Sai da takardar izini ta zo hannu aka taɓa su. Guda 7 aka samu, kowacce wajen mita 8 da rabi, nauyinta kusan kilo 200.

Tantancewa ce ta fi cin lokaci, kuma ita ce aikin. Falwaya ba kasafai take fara ruɓewa daga sama ba. Inda ta fi mutuwa shi ne daidai bakin ƙasa, wurin da danshi da iska suke haɗuwa, gara kuma ta samu hanyar shiga. Aka jera su a kan bulo, kafinta ya bi kowacce da guduma taki-taki. Mai lafiya ƙararta a tsaye take, guduma na dawowa da ƙarfi. Mai rami a ciki kuwa sai ka ji kamar an buga ganga. Inda aka yi shakka aka huda da siririn mahuji aka duba garin: idan ya fito da laushi ko danshi, cikin ya tafi. Guda 3 suka faɗi gwajin. Ɗaya ruɓa ta hau ta fiye da mita 3, ɗaya gara ta rarake zuciyarta alhali bayanta sumul, ta ukun kuma ta tsage daga kai, tsagar ta bi ramukan tsofaffin notuna. Wannan ta biyun ita ce abin tsoro, domin da ido aka zaɓa da ita za a fara ɗauka.

Sauran 4 aka yanke wa mita 1.8 daga gindi da santimita 40 daga kai, kowacce ta rage mita 6.3. Kafin a sa zarto a cire ƙusoshi da ragowar waya da suka nutse a jiki. Mun yi asarar zarto guda kafin mu ankara.

Kwamiti ya ƙi shawarar a sake binne su su zama ginshiƙai. Maganin da ake dura wa falwaya a masana'anta ba ya kaiwa can tsakiya, iyakarsa ɓangaren waje, don haka da zarar an yanka an buɗe wa gara ƙofa. Aka zuba ginshiƙai 10, biyar gaba biyar baya, mita 3 tsakani, kowanne da rodi 4 masu milimita 12 da tushe mai zurfin santimita 90. Na gaba sun fi na baya tsawo da rabin mita saboda gangaren ruwa. A kan kowanne aka dasa ƙarfe mai zare na milimita 16, wanda ba ya tsatsa, tun kankaren yana ɗanye.

A tsaye aka ƙera falwaya ta yi aiki. Idan aka kwantar da ita nauyi na danna ta a tsakiya, kowane tsohon rami kuma rauni ne. Shi ya sa ba a bar tazara ta wuce mita 3 ba, aka kuma juya kowacce yadda ramuka da tsaga ba za su kalli ƙasa a tsakiyar tazara ba. Sannan ga siffarta: gindi santimita 24, kai 16. Da an yi ginshiƙan tsawo ɗaya da rufin ya yi tudu a tsakiya. Aka haɗa gindi da gindi a kan ginshiƙin tsakiya, aka fere rabin kaurin kowanne suka hau juna, aka ƙara wa ginshiƙan gefe tsawo da ma'aunin tiyon ruwa. A sauran wuraren zama santimita 3 kawai aka fere don ta zauna daram. Duk inda zarto ya taɓa an shafa masa maganin katako na Solignum sau biyu.

A sama aka jera katako 2x6 guda 13, mita ɗaya tsakani, sai 2x3 da aka buga kwano bandir uku da rabi a kai. Kowane katako an ɗaure shi da langalanga da ta zagaye falwayar. Rumfa buɗaɗɗiya ba nauyi ne yake kayar da ita ba, iskar farkon damina ce take shiga ta ƙasa ta ɗaga rufin, ƙusa kaɗai kuwa zarewa take yi.

Kuskure biyu aka yi. An huda falwaya ta farko bisa awo tun tana ƙasa, ramukan suka kauce wa ƙarafan da ke kan ginshiƙai. Sauran sai da aka ɗora su aka yi alama sannan aka huda. Na biyu, da zafi ya tsananta biyu daga cikinsu suka fara tsatso baƙin mai mai warin kwalta, wato kiriyosot, yana ɗiga kan kujerun babura. An buga siririn kwano a ƙarƙashinsu ya tare ɗigar.

Wannan man shi ya sa ba mu ba da shawarar a yi irin wannan a ɗaki, ko rumfar abinci, ko ajin yara, ko garke ba. Yana ƙona fata, falwayoyi masu koren launi kuma maganinsu na ɗauke da gubar asenik, wadda ke zama a cikin toka. Masu aiki sun sa safar hannu da takunkumi, an share garin zarto an kwashe. An roƙi guntayen don itacen girki, kwamiti ya hana. Suna kulle a sito tare da ukun da aka ƙi.

Katako yana motsewa da rani, notuna su saki. Za a ƙara ɗaure su bayan wata 6, daga nan kuma duk shekara kafin saukar ruwan fari, a bi falwayoyin da guduma, a kankare duk hanyar gara da ta hau ginshiƙi.