Wasiƙa zuwa ga Edita: Yadda kamfanin Hayakawa ya raini marubutan Japan ta hanyar fassara

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ina biye da muhawarar da ake yi a shafinku na adabi kan fassara, inda wasu ke cewa yawan fassara littattafan waje shi ke kashe zuciyar marubutan gida. Ban yarda da wannan magana ba, kuma hujjata tarihin wani kamfanin ɗab'i ne da ke unguwar Kanda a birnin Tokyo, mai suna Hayakawa Shobo.

Hayakawa Kiyoshi ne ya kafa shi ranar 15 ga Agusta, 1945, ranar da Sarkin Japan ya sanar da jama'arsa ta rediyo cewa Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare. Birnin ya ƙone, takarda ta yi wuya, mutumin kuma mai son wasan kwaikwayo ne, shi ya sa ya fara da littattafai da mujallar wannan fanni. Sai a 1953 ya juya ga labaran binciken laifi, ya buɗe jerin Hayakawa Pocket Mystery: littattafai masu tsawo marasa faɗi, gefen takardunsu rawaya, kusan dukkansu fassara daga Amurka da Ingila da Faransa. Edogawa Rampo, wanda ake ɗauka uban irin wannan rubutu a Japan, yana cikin waɗanda suka ba da shawara kan abin da za a fassara. Har yau jerin na fitowa. A 1956 aka ƙara da mujallar labaran bincike ta wata-wata, da izinin mujallar Ellery Queen ta Amurka.

Inda na fi so a tsaya shi ne ƙagaggun labaran kimiyya, domin a nan ne suka yi kasada. A Japan ta wancan lokaci ana cewa duk kamfanin da ya taɓa irin waɗannan labarai sai ya karye, kuma ba camfi kaɗai ba ne. Mujallar Seiun ta 1954 fitowa ɗaya ta yi ta mutu. Kamfanin Gengensha ya gwada a 1956, bai kai ko'ina ba. Duk da haka, a Disamban 1959 Hayakawa ya fitar da S-F Magazine, aka ɗora wani matashin mafassari, Fukushima Masami, a kujerar edita. Da farko ya cika ta da fassarar marubuta irin su Isaac Asimov da Arthur C. Clarke da Ray Bradbury. Da masu karatu suka saba da ɗanɗanon, a 1961 mujallar ta shirya gasa ga 'yan ƙasa. Daga gasar farko da ta biyu aka ji sunayen Komatsu Sakyo da Mayumura Taku da Hanmura Ryo da Tsutsui Yasutaka. Waɗannan duk sun sha karatun fassara kafin su zama manya, kuma abin da suka rubuta daga baya na Japan ne tsantsa: girgizar ƙasa, tabon yaƙi, rayuwar ma'aikacin kamfani.

Ba na cewa komai ya tafi lami lafiya. Fukushima mutum ne mai tsauri, kuma a 1969 wata tattaunawa da mujallar ta buga, inda masu sharhi suka ɓoye sunayensu suka caccaki marubuta, ta jawo ɓacin rai sosai. A shekarar ya bar kujerar. A ganina sukar mutum a bayan labule ba ta dace da edita ba, ko a ina yake. Sannan littafin Komatsu na 1973 kan nutsewar tsibiran Japan, wanda ya sayu miliyoyi, wani kamfani ne, Kobunsha, ya buga shi. Wani ya yi shuka, wani ya girbe, amma adabin ƙasar ne ya ci riba.

Gasa tsakanin kamfanonin ɗab'i ma ta yi amfani. Tokyo Sogensha ya buɗe nasa jerin ƙananan littattafai masu araha a 1959, Hayakawa ya biyo da nasa a 1970, sannan a 1973 ya ware jeri na musamman don marubutan gida. A ciki ne Kurimoto Kaoru ta fara dogon labarinta a 1979, ta kai shi juzu'i 130 kafin rasuwarta a 2009. Fassarar kuma ba ta tsaya ba: Hayakawa na buga Agatha Christie da Kazuo Ishiguro da Jafananci, kuma a 2019 ya kawo littafin Liu Cixin na ƙasar Sin.

Mu ma mun san abin da gasar rubutu ke iya yi, tunda ta Hukumar Talifi a Zariya a 1933 ce ta fito mana da su Abubakar Imam. Abin da Hayakawa ya ƙara a kai shi ne mujalla da ta yi shekaru tana fita wata bayan wata, inda sabon marubuci ke ganin labarinsa kusa da na gwanayen duniya, ga kuma edita da ke mayar masa da rubutu ya gyara.

Don haka roƙona, Malam Edita, ku ware shafi ɗaya duk mako ga gajeren labarin bincike ko na kimiyya. Mako guda fassara, da izinin mai haƙƙi da ladan mafassari, mako na gaba na marubucin gida. Bayan shekara ku shirya gasa, ku bayyana sunayen alƙalanta tun daga farko.

Na gode. Allah ya ƙara basira.

Mai karatunku daga Zariya