A Fara Ba Mu Labarin Kafin a Kunna Mana Waƙar Opera

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a shafin wasiƙu domin in yi magana a kan opera, wato irin wasan kwaikwayon nan da ya samo asali daga Italiya, wanda 'yan wasa ke rera maganganunsu da waƙa, ayarin makaɗa kuma yana biye da su tun daga buɗe labule har zuwa rufewa. Na lura cewa duk lokacin da aka ambaci wannan fanni, abin da ke fara faɗo wa mutane a rai shi ne wata mace tsaye a dandamali tana ƙwala murya cikin harshen da ba sa ji, sai su kau da kai. Ban ga laifinsu ba, domin ni ma haka na yi da farko. A ganina gyaran yana wajen masu gabatarwa, waɗanda suke kunna wa mutum waƙar ba tare da sun fara ba shi labarin da ya haife ta ba.

Shekarun baya wani abokina ya ara mini faifan wasan Rigoletto na Giuseppe Verdi, mai tsara kiɗa ɗan Italiya, na saurara bai fi minti goma ba na kashe, don ban san wanda ke magana ba, ban kuma san abin da ya dame shi ba. Sai bayan watanni na karanta taƙaitaccen labarin wasan, wanda bai wuce shafi guda ba. Rigoletto wawan sarki ne mai doro a fadar basaraken Mantuwa ta Italiya, wani shaƙiyyin mai mulki da ya shahara wajen lalata 'ya'yan mutane. Aikin wawan shi ne ya yi wa iyayen da aka ci wa mutunci ba'a domin ubangidansa ya yi dariya, har wata rana ya taɓo wani dattijo da aka wulaƙanta masa 'ya, dattijon kuwa ya tsine masa a bainar jama'a. Abin da fadawa ba su sani ba shi ne, Rigoletto ma yana da 'ya ɗaya tilo mai suna Gilda, wadda ya ɓoye a gida, ba ta fita ko'ina sai wurin ibada. Basaraken ya gano ta, ya yi shigar ɗalibi matalauci ya sace zuciyarta, fadawa kuma suka ɗauke ta da dare suka kai masa. Uban ya yi hayar mai kisa don kuɗi domin ya rama, amma yarinyar ta ji shirin, ta sa kayan maza ta ƙwanƙwasa ƙofar makashin, ta ba da ranta a madadin mutumin da ya yaudare ta.

Da na san wannan sai na koma wa faifan, kuma har yau ban manta da ƙarshensa ba. Rigoletto yana tsaye a bakin kogi da tsakar dare, an miƙa masa buhu, yana murna cewa gawar maƙiyinsa ce a ciki, yana shirin jefa ta a ruwa. Can daga nesa sai muryar basaraken ta taso, yana rera wata 'yar waƙarsa mai sauƙin kamawa wadda yake zargin mata da rashin alƙawari a cikinta. Karin wannan waƙa ya zagaye duniya, ana jin sa a tallace-tallace, mutane da yawa suna gunguninsa ba su san inda ya fito ba. Amma wanda ya san labarin, da ya ji ta a wannan gaɓa gabansa zai faɗi, domin ya riga uban sanin cewa wanda ake so a kashe yana raye, kuma ya san wadda ke cikin buhun. Kiɗan bai canza ba tsakanin saurarona na farko da na biyu. Shafi guda na labari ne kawai ya shiga tsakani.

Tarihin wasan ma yana ƙara masa armashi. An fara nuna shi a birnin Benis na Italiya a 1851, lokacin da birnin ke ƙarƙashin mulkin Ostiriya. Verdi ya ɗauko labarin daga wani wasan kwaikwayo na marubucin Faransa Victor Hugo wanda mugun cikinsa sarkin Faransa ne, masu tace wasanni kuwa suka ƙi yarda a nuna sarki yana fasiƙanci ana kuma ƙulla kashe shi, sai da aka mayar da shi basaraken wata ƙaramar ƙasa kafin aka ba da izini. Irin wannan ja-in-ja da hukuma ya faru tun kafin Verdi. Wasan Auren Figaro na Mozart, shahararren mai tsara kiɗa, wanda aka fara nunawa a Biyana, babban birnin Ostiriya, a 1786, an gina shi a kan wani wasan Bafaranshe da aka hana nunawa a birnin, saboda a cikinsa bara ne yake yi wa ubangidansa wayo domin ya tsare mutuncin amaryarsa.

Wannan ya kawo ni ga zargin da aka fi yi wa opera, cewa abin masu hannu da shuni ne. Gaskiya ne a fada aka haife ta. Wasu masana da makaɗa a birnin Fulorans na Italiya ne suka ƙirƙiro ta a ƙarshen ƙarni na 16, suna ƙoƙarin farfaɗo da yadda suke zaton Girkawan dauri suna gabatar da wasanninsu, kuma Euridice ta Jacopo Peri, wadda ita ce mafi tsufa da kiɗanta ya iso gare mu, an yi ta ne a 1600 don bikin auren sarkin Faransa. Sai dai ba ta daɗe a kulle a fada ba, domin a 1637 aka buɗe gidan opera na farko a Benis inda duk mai kuɗin shiga zai iya zuwa ya kalla, daga nan kuma ta zama nishaɗin gari. A lokacin da aka ɗauki gawar Verdi zuwa makwancinta na ƙarshe a Milan a 1901, dubban jama'a ne suka cika tituna, aka kuma rera waƙar bayin da ke begen ƙasarsu daga wasansa Nabucco na 1842.

Sanin rayuwar mai tsara kiɗan shi ma yana buɗe kunne. Tsakanin 1838 da 1840 Verdi ya rasa 'yarsa da ɗansa da matarsa, yana matashi bai kai shekara talatin ba, a shekarar ƙarshen nan kuma wani wasan barkwanci da ya rubuta ya faɗi warwas. Ba zan ce wannan rashi shi ne dalilin duk abin da ya rubuta daga baya ba, amma ina ganin yana da wuya mutum ya san haka sannan ya saurari yadda yake haɗa muryar uba da ta 'ya bai ji wani abu ba. Ya sake yin haka a Aida, wadda aka fara nunawa a Alƙahira a 1871, labarin gimbiyar Habasha da aka kama baiwa a Masar, mahaifinta yana matsa mata ta zaɓa tsakanin ƙasarta da jarumin da take so.

Akwai kuma wasu ƙananan bayanai da ke rage wa sabon mai sauraro wahala. A tsofaffin wasannin opera, waƙa iri biyu ce: akwai mai kama da magana, wadda ke tura labari gaba, akwai kuma wadda labari ke tsayawa cak domin mutum ɗaya ya zazzage abin da ke zuciyarsa, shi ya sa za a ji ana maimaita jimla guda sau da yawa. Ƙarfin muryar da ke ba wasu mamaki kuwa yana da dalili, tunda a al'ada mawaƙan ba sa amfani da lasifika, dole muryarsu ta ratsa sautin makaɗa da dama ta kai ga wanda ke zaune a kujerar ƙarshe. Matsalar harshe ma an rage ta tun 1983, lokacin da wani gidan opera a Toronto ta Kanada ya fara haska fassarar baitoci a saman dandamali, yanzu kuma ana samun cikakkun wasanni da fassara a rubuce a intanet.

Ba na cewa kowa sai ya so opera, kuma ba na ɓoye cewa a cikin labaranta akwai kisa da cin amana da halayen da ba abin koyi ba ne, waɗanda ya kamata mai gabatarwa ya faɗa tun farko domin mai karatu ya san abin da zai tarar. Roƙona, Malam Edita, shi ne ka ware ko da rabin shafi sau ɗaya a wata a ɓangaren adabi da fasaha, a ɗauki wasa guda a ba da labarinsa da Hausa mai daɗi, a faɗi wanda ya tsara shi da halin da yake ciki lokacin da ya rubuta, sannan a nuna wa mai karatu gaɓa ɗaya ko biyu da zai nema ya saurara. Idan za a karɓi shawarata, a fara da Rigoletto, a bi da Aida, sannan Carmen ta Georges Bizet, wanda ya rasu a 1875 yana da shekara 36, wata uku bayan an fara nuna wasan a Paris, bai ga irin ɗaukakar da ya samu ba. Idan har ana buƙata, a shirye nake in rubuto na farkon in aiko maka ka duba.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridar nan ɗaukaka.

Naka,
Mai karatunku na kullum