Wasiƙa zuwa ga 'yata a California kan kujerun gwanjo

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

'Yata, bayan gaisuwa da fatan ke da maigidanki kuna lafiya, Allah Ya sauke ki lafiya. Dalilin wannan takarda shi ne tsofaffin kujerun soso da kika ce za ku saya saboda arha. Ina so ki dakata tukuna.

A 1975 jiharku ta kafa ƙa'idar da ta wajabta soson kujera ya jure harshen wuta na daƙiƙa 12, sai masana'antu suka shiga zuba masa sinadaran hana kama wuta, musamman waɗanda ake kira PBDE. Cakuɗa su kawai aka yi da soson, don haka suna fita a hankali suna shiga ƙurar ɗaki shekara da shekaru. An daina ƙera irin da aka fi sa wa soso a Amurka a ƙarshen 2004, yarjejeniyar Stockholm, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan sinadarai masu guba, ta haramta shi a 2009, amma kujerun da aka riga aka yi suna nan a gidajen mutane, kuma su ne ke yawo a kasuwar gwanjo. Ɗaya daga cikin sinadaran da suka maye gurbinsa ma, a 2011 California ta sa shi cikin masu jawo ciwon daji.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne halin da kike ciki. Waɗannan sinadarai suna taruwa a kitsen jiki su daɗe, suna ratsa mabiyiya su kai ga ɗan da ke ciki, kuma ƙirarsu ta yi kama da ta sinadarin da ƙullin maƙogwaro ke fitarwa, wannan da in ya kumbura muke cewa maƙoƙo, alhali ƙwaƙwalwar ɗan tayi da wannan sinadarin na maƙogwaro take ginuwa. Binciken da aka yi a kan mata masu juna biyu a kwarin Salinas, nan kusa da ku, da wani a New York, ya nuna yaran da iyayensu mata ke da sinadarin da yawa a jini sun ɗan gaza sauran wajen fahimta da natsuwa. Bayan haihuwa kuma, yaro mai rarrafe ya fi babba haɗiyar ƙura, tunda duk abin da hannunsa ya taɓa sai ya kai baki.

An sauya ƙa'idar a 2013, kuma tun 2015 sabuwar kujera tana ɗauke da takarda a ƙarƙashinta mai faɗin ko an sa mata sinadarin. Maigidanki ya kifa ta ya karanta, ke kada ki ɗaga abu mai nauyi. Duk wadda yadinta ya yage har soso ya leƙo, ku bar ta ko da kyauta ce. Ki ajiye sharar tsintsiya da na koya miki, domin tayar da ƙura take yi. Ki riƙa goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma, ki buɗe tagogi, ki wanke hannu kafin cin abinci.

Za ki ji an ce ana samun sinadarin a ruwan nono, kuma gaskiya ne, amma likitoci ba su fasa cewa a shayar ba, domin amfanin nono ya rinjayi wannan haɗarin. Kada kowa ya tsorata ki ki hana yaro mama. In kuɗin sabbin kujeru bai samu ba, ku zauna a kan tabarma ko darduma ta auduga har Allah Ya hore, mahaifinki kuma ya ce zai taimaka da wani abu bayan Sallah.

Ki gaida maigidanki.

Mahaifiyarki