Wasiƙa zuwa Fatakwal kan darasin kujerar shugaban ƙasa

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya tare da iyali. Mu nan Zariya sai godiya, hunturu ne kawai ya fara shigowa.

Wannan zangon ni ke koyar da 'yan aji biyar darasin zama ɗan ƙasa, kuma mun iso kan ofishin shugaban ƙasa. Yawancin yaran gani suke shugaban ƙasa wuƙa da nama duk a hannunsa suke. Wata yarinya a layin gaba ta ce min shi ya ƙi gyara rufin firamaren unguwarsu. Ban yi mamaki ba, haka take ji a gida. Na nuna mata cewa firamare nauyin jiha ne da ƙaramar hukuma, tarayya tallafi take bayarwa. Abin yana damuna, domin yaron da ya tashi yana ɗora komai a kan Abuja ba zai taɓa tuhumar kansila ko gwamna ba.

Sai na buga musu wasu sassa na kundin tsarin mulkin 1999, na raba kowane benci takarda guda. Sashe na 130 ya ce shi ne shugaban ƙasa, shugaban zartarwa, kuma babban kwamandan askarawa. Wannan sun haddace nan da nan. Inda na fi daɗewa shi ne iyakokin ikonsa. Minista ba ya kama aiki sai majalisar dattawa ta amince. Kasafin kuɗi shi yake gabatarwa, majalisa ke zartarwa. Idan aka kai masa ƙudirin doka yana da kwana 30, in ya ƙi sa hannu, kashi biyu cikin uku na kowace majalisa sun isa su mayar da shi doka. Haka aka yi wa Obasanjo a 2000 kan dokar kafa NDDC, hukumar raya yankin Neja Delta, wadda hedikwatarta ke nan garinku.

Ranar da ajin ya fi armashi ita ce ranar da na rubuta 19 a allo na ce su fitar da kashi biyu cikin uku. Alli ya yi ta yawo hannu zuwa hannu, wasu na cewa 13, wasu 12 da ɗoriya. Sai na ba su labarin zaɓen 1979, lokacin da jihohi 19 ne a ƙasar, kuma sharaɗin cin zaɓe shi ne ɗan takara ya samu aƙalla rubu'in ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohin: Shagari ya samu rubu'in ƙuri'u a jihohi 12, a Kano kuwa ya tsaya wajen kashi 20 cikin 100. Awolowo ya kai ƙara, Kotun Ƙoli ta tabbatar wa Shagari nasara. Daga nan suka gane dalilin sharaɗin: ana son wanda zai hau kujerar ya nemi yardar ƙasa baki ɗaya, kada ya tsaya kan mutanen yankinsa.

Yanzu ga buƙatata. Mako mai zuwa za mu shiga sashe na 305, wato dokar ta-ɓaci. Kai kana nan lokacin da Shugaba Tinubu ya ayyana ta a Ribas a watan Maris na 2025, ya dakatar da Gwamna Fubara da majalisar jiha na wata shida. Lauyoyi sun yi ta muhawara kan ko sashen ya ba shi wannan iko. Don Allah ka rubuto min yadda rayuwa ta kasance a kasuwa da ofisoshi a waɗancan watanni shida, da abin da maƙwabtanka suka riƙa faɗa. Zan karanta wa yaran ba tare da sunanka ba, su yi tasu muhawarar.

Ka gaishe min da uwargida da yara. Allah ya bar zumunci.

Naka,
Amininka na Zariya